Faɗi-tashin Mai Ci da Alƙalami

Littattafan da ake farawa a bari, yawancinsu a tsakiya suke mutuwa. Babin farko kowa yana iya shi, zumuɗi ne ke tura hannu. Wahalar tana zuwa ne bayan jaruma ta haɗu da jarumi, an gane mugu, ƙarshe kuma yana can nesa, ga masu karatu a WhatsApp suna ta aiko da "Anti yau shiru?" da "Malam a taimaka a ƙara mana ko kaɗan ne." Duk wanda ya riƙi rubutun labari sana'a a nan Jos ya san wannan gaɓa. Abin da ke tsallakar da mutum a wurin, fiye da baiwa, shi ne tazarar da ke tsakanin abin da ya rubuta da abin da ya saki. In tazarar tana da faɗi, ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai ba wanda zai sani. In babu ita, ko baƙi ka yi da yamma sai labarin ya ji a jikinsa.

Lissafin ba wuya. A ce littafin kalma 60,000 ne, matsakaici ke nan. A ce kana iya fitar da kalma 1,000 mai kyau a rana, kwana biyar a mako. Mako 12 za ka yi kafin ka ga ƙarshen rubutun farko, in ba rasuwa, ba biki, ba jinya. To a ce ka yanka shi feji-feji, kowanne kalma 2,000, feji 30 ke nan, ka kuma yi wa masu karatu alkawarin biyar a mako. Cikin mako shida za su cinye littafin kaf, kai kuwa a mako shidan nan kalma 30,000 kawai hannunka zai iya. Ke nan wanda ya fara saki bai kai rabi ba, ya ci bashin da ba shi da hanyar biya. Rabin ma ƙarancinsa ke nan, don ba a sa lokacin gyara a ciki ba. Kashi biyu cikin uku ya fi kwanciyar hankali, kuma babin ƙarshe ya zama yana rubuce, ko a gurguje ne, tun kafin fejin farko ya fita. Masu cewa "labarin ne zai nuna mini hanya" su ne za ka ga a feji na 40 an yi hatsarin mota, a na 55 jarumi ya manta kowa, a na 70 an tono wata 'yar tagwaye da ba a taɓa ambata ba. Ranar saki ce ta zo babu abin sakawa, shi ke nan.

Lokacin rubutu sai an yanke shi da gangan. Ga mai aikin ofis ko shago, tsakanin sallar asuba da ƙarfe bakwai ne. Ga uwargida, bayan yara sun tafi makaranta kafin a ɗora sanwar rana, ko bayan isha'i in gida ya yi tsit. Awa ɗaya da rabi a jere, data a kashe, ta fi awa huɗu da ake yi ana leƙa saƙo. Sanyin Jos na Disamba da Janairu kuwa ba abin wasa ba ne ga mai taifin da asuba: yatsu sukan sandare, kuskure ya yi yawa. A ɗumama hannu da kofin shayi kafin a fara, a kuma yi cajin waya da fawa bank tun dare, don wuta ba ta san kana tsakiyar babi ba. Wanda ke rubutu a waya kullum, ya nemi ƙaramin allon taifin mai Bluetooth, ya jingina wayar daidai da idonsa. Ciwon wuya da na babban yatsa suna tsayar da marubuta fiye da rashin basira. Sannan kada a tashi daga rubutu sai an san jimlar da za a fara da ita gobe. A tsaya a tsakiyar fage, a rubuta layi biyu na abin da zai biyo baya, washegari ba sai an zauna ana kallon farin shafi ba.

Kada a rubuta labari kai tsaye cikin WhatsApp. Waya ta ɗauke, ko yaro ya danna, aikin awa biyu ya tafi. A yi shi a Google Docs ko WPS ko Word, kowane babi da fayil ɗinsa, a sa masa lamba da kwanan wata, duk Juma'a a tura wa kai kwafi ta imel. Waya tana faɗawa ruwa, ana kuma zare ta daga aljihu a cunkoson Taminus, cibiyar kasuwancin Jos. Littafin da yake wuri ɗaya tak, ranar da wurin ya tafi ya tafi.

Akwai wani littafi da mai karatu ba zai taɓa gani ba, amma shi ke riƙe da wanda zai gani. Ɗan littafin makaranta mai warƙa 60 ya isa. A cikinsa ake rubuta sunan kowane mutum na cikin labari, shekarunsa a farkon labari, wa ya haife shi, yadda yake kiran kowa, da kuma, wannan ya fi komai, wane sirri ya sani kuma a babi na nawa ya san shi. Da yawa labari yakan warware ne saboda kishiya ta yi magana a kan abin da ba a taɓa gaya mata ba. A shafi na gaba a ja kalanda. Ciki wata tara ne, ba a yin aure a babi na 10 a ce "bayan wata huɗu" a haifi lafiyayyen yaro, sai in abin kunyar shi ne labarin. Takaba wata huɗu da kwana goma ce. Iddar wadda aka saki tsarki uku ce, ta mai ciki kuwa sai ta haihu. A rabon gado matan mamaci tumuni suke da shi in ya bar 'ya'ya, rubu'i in bai bari ba, kuma ko su huɗu ne wannan kason za su raba. Cikin masu karatunka akwai malaman Islamiyya da ma'aikatan jinya da lauyoyi, kuma ba sa yin shiru. Azumi yana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara: a 2000 ƙarshen Nuwamba aka kama shi, cikin hunturu, a 2012 kuwa Yuli ne, tsakiyar damina. Labarin da ya ratsa shekara 12 ana shan ruwa cikin yanayi ɗaya bai yi lissafi ba.

Haka ma zamani da wuri. Wayar salula ta GSM a 2001 ta shigo Najeriya, saboda haka saurayin 1997 wasiƙa zai aika ko ya yi sallama a ƙofar gida. Takardar naira dubu sai 2005 ta fito. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002, wadda ta shiga cikinta haɗa lefe a 2010 ta shiga wurin da babu. Mai zuwa Abuja daga Jos ta Hawan Kibo yake sauka, ya bi Akwanga da Keffi. Jarumar da ke Rikkos ko Unguwar Rogo tana fifita saboda zafi a watan Janairu ta nuna marubucinta bai taɓa kwana a garin ba. Rikice-rikicen da garin ya gani a 2001 da 2008 da 2010 kuwa, wanda zai taɓa su a labari ya taɓa da sani da tsoron Allah. Waɗanda suka rasa 'yan'uwa a ciki suna nan da ransu, daga kowane ɓangare, kuma suna karatu.

Maganar harshe tana da wuri biyu. Muryar mai ba da labari ta tsaya a daidaitacciyar Hausa, don littafin zai je Kano da Sakkwato da Damagaram. Bakin mutanen cikin labari kuwa a bar shi yadda yake. Matashin Bauchi Road yana cakuɗa Hausarsa da Turanci, mai sayar da kabeji a Farin Gada wadda Hausa ba harshen gidansu ba ce ba lallai ta bambance namiji da mace a magana ba, tsohon da kakansa ya zo haƙar kuza yana da nasa zance. A ɗanɗana, kada a cika, kuma kada a mai da Hausar wani abin dariya. Ƙa'idar rubutu kuma ba ado ba ce. Gboard, allon taifin na waya, yana da tsarin Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, a kunna shi tun daga kalmar farko, don bin kalma 60,000 daga baya ana sa musu lanƙwasa aikin mako guda ne, kuma sai an tsallake wasu. A raba "ya ce" da "za ta" da "a kan" inda ya kamata. Wanda ya saba da "yace" da "zata" a waya, ranar da ya so shiga gasa ko kai aikinsa maɗaba'a zai biya kuɗin wannan sabo.

Gyara hawa uku ne, kuma ba a haɗa su. Da farko a ajiye rubutun mako biyu ko uku ba a duba ba, a dawo a karanta shi gaba ɗaya ba tare da taɓa ko waƙafi ba, ana tambaya ɗaya: wane babi ne in an cire ba abin da zai canza? A cire shi, ko da shi ne aka fi so. Na biyu a bi jimla-jimla da murya a bayyane, kunne yana kama maimaici da maganar da ba mai yin irinta a gida. Na uku a ba wani ya duba ƙa'ida, don ido ba ya ganin kuskuren mai shi. Masu karatun gwaji biyu ko uku sun isa, kuma kada dukansu su zama masoyanka. Tambayar da za a yi musu ita ce "a ina kika ajiye wayar kika tafi wani abu?" Wadda ta ce "ya yi daɗi sosai" ba ta ba ka komai ba.

Sai kuɗi. Marubucin Hausa ya daɗe yana zama nasa kamfanin. Bayan zamanin gasar 1933 da ta haifar da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, da zamanin kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya, tun wajen tsakiyar shekarun 1980 marubuta suka koma buga abinsu da kuɗinsu, kashi na ɗaya da na biyu da na uku, su kai wa 'yan kasuwa a Kano su jira ciniki. Yau kasuwar ta koma cikin waya, amma tsarin bai canza sosai ba: a saki feji kaɗan kyauta, a tsaya inda rai ya rataya, mai son ci gaba ya biya a sa shi a guruf. Inda ake tsayawa yana da muhimmanci. Aka yi saurin rufewa, mai karatu bai shaƙu da kowa ba balle ya zaro kuɗinsa. Aka wuce kashi ɗaya cikin uku, ya riga ya hango ƙarshe.

A buɗe asusun banki daban don littafi kawai. Hoton shaidar biya ba biya ba ne, ana ƙirƙirarsa, ana kuma tura guda ɗaya ga mutum uku. Sai an ga kuɗi a asusu ake sa lamba a guruf, a rubuta suna da lamba da rana da sunan littafi. Masu karatu na Nijar suna da yawa kuma da sefa suke biya, saboda haka ana buƙatar amintacce a can, a kuma yi magana a kan ladansa da ranar turo kuɗi tun farko. Kuɗin littafi a dunƙule yake zuwa, makonnin farko a ji kamar an warke, daga nan ya koma ɗigo. Mai hankali yana raba abin da ya shigo a kan watannin da zai yi yana rubuta na gaba. A kuma duba kalanda kafin a sa ranar fitowa. Azumi ba lokacin sakin labarin soyayya ba ne, bayan Sallah aljihu a bushe yake, Satumba kuma kuɗin makaranta ya cinye kowa.

Kada a zuba komai a dandali ɗaya. OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafai a kanta, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Wattpad da Facebook da sauran manhajoji wuraren baje koli ne. Abin da yake naka shi ne fayilolinka da jerin lambobin waɗanda suka taɓa saya.

Satar fasaha kuwa sai dai a rage ta. Ranar da ka tura cikakken littafi fayil guda, ranar ya zama na kowa. Saki feji-feji ya fi wahalar tattarawa. Wasu sukan raba masu saya guruf uku ko huɗu, su canza kalma ɗaya a wani sakin layi ga kowane guruf, in labari ya fita waje a san ta wace ƙofa ya bi. A doka, haƙƙinka yana tabbata ne tun daga lokacin da ka rubuta aikin, kuma a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 yana nan har shekara 70 bayan rasuwarka, magada su ci. Rajista da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ba dole ba ce, amma hujja ce ranar jayayya. Wanda ya karanta littafinka a YouTube ba da izini ba, akwai fom na ƙorafi a can da ake cikewa a sauke shi. Wanda kuma ya zo da mutunci yana son karantawa ko mayar da shi fim, "mun yi magana ta waya" ba yarjejeniya ba ce. A rubuta wane haƙƙi aka ba shi, na murya ko na fim, na shekara nawa, nawa zai biya kuma yaushe, da yadda sunanka zai fito. Kalmar "na sayar" da kalmar "na ba da izini na shekara uku" tsakaninsu akwai gonar gado.

Sharhin masu karatu shi ne abin da ya fi ɗaga marubuci ya kuma fi kayar da shi a rana guda. Kada a buɗe shi kafin a gama rubutun ranar. Mutum goma masu surutu ba su ne guruf ba, ɗaruruwan da suka biya suka yi shiru su ma suna da ra'ayi. Za a matsa maka ka kashe kishiya, ka talauta uwar miji, ka mayar da saki. Wanda labarinsa yake rubuce har ƙarshe yana iya yin murmushi ya wuce, wanda yake rubuta na gobe yau da dare shi ake juyawa. Akwai kuma matsin da ba a cika faɗa ba, na a ƙara batsa don ciniki ya tashi. Yana tashi kuwa, ba ƙarya. Sai dai sunan da aka yi da wannan ba ya wankuwa, littafin ba zai shiga makaranta ko rediyo ba, kuma in za a kai shi kasuwar Kano a takarda akwai hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa tun 2001.

Gasa tana da amfani, tana sa mutum ya gama abu ya kuma tsabtace shi. Gasar gajerun labarai ta Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, ta fito da mata marubuta da yawa. A shekarar ce kuma Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG mai dala 100,000 da littafinsa na Turanci. Abin alfahari ne ga garin, amma ba a sa kuɗin gasa a lissafin cefane.

Mai son ganin littafinsa a takarda ya san 'yan abubuwa kafin ya taka maɗaba'a. Girman da aka fi yi shi ne A5, santimita 14.8 da 21. Shafi ɗaya yana ɗaukar kalma kamar 280, ke nan littafin nan mai kalma 60,000 zai kai shafi 214, da shafukan gaba a ce 220. Da yake a babbar takarda ake bugawa a naɗe, shafi 16-16 ko 8-8, sai a cike shi 224, in ba haka ba ka biya kuɗin farar takarda. Takardar ciki mai giram 70 ta wadatar, mai 60 rubutun baya yakan leƙo. Bango kati mai giram 250 ko 300, a yi masa laminashin. Kaurin littafin zai kai kusan santimita ɗaya, amma kada mai zanen bango ya yi ƙiyasi, a sa maɗaba'a ta naɗe farar takarda adadin shafukan a auna. A miƙa aikin a PDF da haruffansa a ƙunshe. Wanda ya miƙa fayil ɗin Word, in kwamfutarsu ba ta da irin haruffansa, ƙ da ɗ da ɓ sukan koma akwati ko baka, kuma ba mai lura sai an gama bugu. Saboda haka a karɓi kwafin gwaji guda, a karanta shi daga bango zuwa bango, a buɗe shi sosai a ga ko gam yana riƙe, sannan a sa hannu. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓa, hedikwatarsa tana Abuja da rassa a jihohi, kuma doka ta ce a kai musu kwafi uku bayan bugu.

Yawan da za a buga shi ne inda kuɗi ke nutsewa. Mai maɗaba'a zai nuna maka cewa kwafi 1,000 ya fi araha a kan kowane ɗaya, kuma gaskiya ya faɗa, don kuɗin farantin bugu ɗaya ne ko 200 ka buga ko 2,000. Amma arahar ba ta da amfani in 800 za su kwana shekara uku a ƙarƙashin gado. A fara da 50 ko 100 a injin dijital, ko a karɓi kuɗin masu so tun kafin bugu, a ga yadda ƙafa take. Wajen sa farashi a haɗa kuɗin bugu da na gyara da na bango da na mota, a ɗora kason mai shago, a ce kashi 30 cikin ɗari, sannan a ga abin da ya rage. Mai shago yawanci ajiya yake karɓa, sai ya sayar ya biya. Kada a ba shi fiye da 10 ko 20 a karon farko, a rubuta adadi da farashi a takarda biyu kowa ya sa hannu, kuma ba a ƙara masa wasu sai ya biya na baya. Sauran kwalayen a ɗora su a kan katako nesa da bango, a naɗe da leda. Ruwan Yuli da Agusta a Jos yana sa takarda ta sha danshi, bango ya lanƙwashe, gefen shafi ya yi tabo, kuma littafin da ya yi haka ko rabin kuɗinsa ba a saye.